Yadda Ake Auna Girman Tauraro Idan Duniya Ta Gifta Ta Gabansa

In ban da Rana, kusan kowane tauraro ɗigon haske ne kawai, ko da an dube shi da babban madubin hangen nesa, domin nisansa ya wuce a ga gefensa balle a aza masa ma'auni. Duk da haka masana falaki suna faɗin girman dubban taurari, kuma ɗaya daga cikin hanyoyin da suke bi ita ce su jira lokacin da wata duniya mai kewaya tauraron za ta gifta ta gabansa ta tare ɗan haskensa. Galibin masu bayanin wannan hanya sukan tsaya ne a kan girman duniyar da ta gifta, alhali giftawar tana ɗauke da labarin tauraron kansa, kuma duk wanda ya iya ninkawa da rabawa, yana da kalkuleta a wayarsa, zai iya fitar da wannan labari da hannunsa.

Za mu bi aikin ne da tauraro guda, wato HD 209458, wanda ke cikin rukunin taurarin Pegasus, kuma haskensa yakan yi fiye da shekara 150 a hanya kafin ya iso gare mu. A watan Satumba na 1999 David Charbonneau da Timothy Brown suka ga haskensa ya ragu sau biyu, mako guda tsakani, da wani ƙaramin madubi mai faɗin santimita 10 a garin Boulder na jihar Kolorado a Amurka, sannan a watan Nuwamba Greg Henry ya ga irin wannan raguwa da wata na'ura da ke Arizona. Wannan ce duniya ta farko a wajen iyalin Ranarmu da aka gani tana giftawa ta gaban tauraronta. A shekarar 2000 madubin Hubble da ke sararin samaniya ya auna giftawar da kyau ƙwarai, kuma lambobin da za mu yi amfani da su an taƙaita su ne daga irin waɗannan awo masu inganci.

Samo zanen haske

Abin da ake fara nema shi ne zanen haske, wato jadawalin da ke nuna yawan hasken tauraro a kowane lokaci, lokaci a kwance, haske a tsaye. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauko shi daga intanet. Kumbon Kepler, wanda ya yi aiki daga 2009 zuwa 2018, ya zuba ido a kan taurari kimanin 150,000, kumbon TESS kuma ya ɗora daga 2018, kuma bayanansu duka suna ajiye a rumbun MAST kyauta ga kowa, inda manhajar Lightkurve ta harshen Python ke sauko da su cikin 'yan layuka. A ganina nan ya kamata mai koyo ya fara, domin zai san yadda zane mai tsabta yake kafin ya haɗu da wahalar sararin sama.

Wanda yake so ya auna da kansa yana bukatar madubi da kyamara a kan ƙafar da ke bin juyawar sama, da agogon kwamfuta da aka saita daidai. Zai fara ɗaukar hotuna aƙalla awa guda kafin lokacin da ake sa ran giftawar, ya ci gaba kowane minti ba tare da ya taɓa saitin kyamara ba, har awa guda bayan ta ƙare, saboda waɗannan sa'o'i na gefe su ne ke nuna cikakken hasken tauraron da za a gwada raguwar da shi. Idan tauraron mai haske ne sosai, kamar wannan namu, ana ɗan karkatar da saitin gani domin hasken ya bazu a kan ɗigogin kyamara da yawa maimakon ya cika guda ɗaya ya tumbatsa. Bayan haka sai a raba hasken tauraron da na wasu taurari makwabta da ke cikin hoton, domin idan gajimare ko ƙura ta wuce za ta rage su duka tare, amma giftawa shi kaɗai za ta rage. Manhajar AstroImageJ tana yin wannan aiki. Ga mazauna Kano ko Damagaram ko Agadas, wannan tauraro yakan bi kusan ta saman kai da farkon dare a watan Oktoba, wato bayan ɗaukewar damina kuma kafin hazon hunturu ya yi ƙarfi, kuma wannan tsakani shi ne mafi dacewa da awo.

Lambobi huɗu da za a karanta

Zanen giftawa yana tafiya a miƙe, sai ya gangara, ya daɗe a ƙasa, sannan ya haura ya koma inda yake. Gangarawar ita ce lokacin da duniyar ke shiga fuskar tauraron, daga sa'ad da gabanta ya taɓa gefensa zuwa sa'ad da bayanta ya gama shiga, haurawar kuma ita ce fitarta.

Lamba ta farko ita ce tsawon zagaye, wato tazarar da ke tsakanin giftawa da giftawa, kuma ita ce mafi sauƙi da inganci: ga HD 209458 kwana 3.5247 ne, wanda ya zama minti 5,076. Da zarar an same ta, sai a yanka dogon zanen gunduwa-gunduwa da wannan tsawo, a ɗora gunduwoyin a kan juna, domin kurakuran awo su cinye juna, siffar giftawar ta fito sarai. Ta biyu ita ce zurfin raguwa. Ta uku ita ce tsawon giftawa, wanda za a auna daga tsakiyar gangara zuwa tsakiyar haura, kuma a nan minti 159 ne. Ta huɗu ita ce tsawon gangarar kanta, minti 26, kuma a kanta ne ya kamata a fi kashe lokaci, saboda dalilin da zai bayyana nan gaba.

Zurfin raguwa rabo ne kawai tsakanin faɗin fuskar duniyar da faɗin fuskar tauraron. Idan Jupita ta gifta ta gaban Rana za ta rage kimanin kashi 1 cikin 100 na haskenta, duniyarmu kuwa kashi 84 kacal cikin miliyan. Ga tauraronmu rabon shi ne 0.0146, kuma lambar da idan aka ninka ta da kanta take ba da haka ita ce 0.121, ma'ana faɗin duniyar kashi 12 ne da ɗoriya cikin 100 na faɗin tauraron. Akwai tarko a nan da ya kamata a sani. Tsakiyar fuskar tauraro ta fi gefensa haske, saboda a tsakiya muna hangen ƙasa-ƙasa inda ya fi zafi, a gefe kuwa muna ganin saman da ya fi sanyi, don haka ƙasan zanen a lanƙwashe yake, kuma wurin da ya fi zurfi ya zarce ainihin rabon. Wanda ya karanta zurfi daga nan kai tsaye zai ƙara wa duniyar girma. Manhajojin da ke daidaita siffar giftawa suna lissafa wannan dusashewar gefe, kuma awo da jan haske yana rage matsalar. Ko an gyara wannan, zurfi shi kaɗai ba ya faɗin girman tauraro, domin ƙaramar duniya a gaban ƙaramin tauraro da babba a gaban babba suna ba da zurfi iri ɗaya. Girman yana ɓoye ne a cikin lokaci.

Daga lokaci zuwa girma

Ya fi kyau a fara gwada tunanin da abin da muka sani. Duniyarmu tana tafiyar kilomita 29.8 a kowane sakan, kuma wanda ke kallonmu daga nesa zai ga ta ratsa tsakiyar Rana cikin awa 13, wato sakan 46,800. Idan aka ninka gudun da lokacin za a sami kimanin kilomita 1,395,000, ainihin faɗin Rana kuwa kimanin kilomita 1,392,000 ne. Ke nan faɗin tauraro shi ne gudun duniyarsa sau lokacin da ta ɗauka tana ratsa shi. Abubuwa biyu ne suka hana aikin ya ƙare a nan: ba mu san ko duniyar ta bi ta tsakiya ba, kuma ba mu san gudunta ba.

Tururuwar da ta ratsa faifai ta tsakiya ta fi daɗewa a kansa fiye da wadda ta yanke ta kusa da baki, ko da gudunsu ɗaya ne, kuma wanda ya auna faifan da lokacin ta biyun zai ce ƙarami ne. Abin da ke fallasa hanyar da duniya ta bi shi ne tsawon gangara. Idan ta shiga ta tsakiya, gefen tauraron yana fuskantarta kai tsaye, sai ta shige da sauri, amma idan ta shiga ta sama ko ta ƙasa, gefen a karkace yake, sai shigar ta ja lokaci. Abin sha'awa shi ne, gwargwadon yadda giftawar ta gajarta, gwargwadon haka gangarar ke tsawaita, don haka idan aka ninka su biyun, tasirin karkatar yakan ɓace. Sai a ninka 159 da 26 a sami 4,134, a raba da 0.121 a sami kimanin 34,165, sannan a nemo lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da wannan, wato 185. Wannan shi ne adadin mintocin da duniyar za ta ɗauka da a ce ta bi ta tsakiya sosai. Mai son sanin inda ta bi sai ya ninka 0.121 da 159, ya raba da 26, ya cire sakamakon daga 1, ya sami 0.26, wanda lambar da idan aka ninka ta da kanta take ba da shi ita ce 0.51, ma'ana ta wuce ne kusan rabin tazarar da ke tsakanin tsakiyar tauraron da bakinsa.

Yanzu sai a gwada wannan lokaci da tsawon zagaye. Duniyar tana cin dukan da'irarta cikin minti 5,076, tana cin faɗin tauraron cikin minti 185, don haka idan aka raba 5,076 da 184.8 (ainihin lambar kafin a cika ta 185), aka sake raba sakamakon da 3.1416, wato rabon kewayen da'ira da faɗinta, za a sami 8.74. Wannan lamba tana cewa nisan duniyar daga tauraron ya ninka rabin faɗin tauraron sau 8.74. Ga duniyarmu da Rana lambar 215 ce, wanda ke nuna irin kusancin da waccan duniya ta yi da wutar tauraronta.

A nan ne dokar Johannes Kepler ta uku, wadda ya wallafa a 1619, take shigowa, domin ta ɗaure tsawon zagaye da nisa da kuma nauyin tauraro wuri guda. A 2003 Sara Seager da Gabriela Mallén-Ornelas suka nuna cewa idan aka haɗa wannan doka da lambar da muka samo, nisa da girma suna soke juna, abin da ya rage shi ne danƙarewar tauraron, wato nauyin da ke cikin kowane ma'auni na jikinsa. Ana iya lissafa ta ba tare da wata baƙuwar lamba ba idan aka gwada da Rana. A raba 8.74 da 215 a sami 0.04065, a ninka wannan da kansa sau uku a sami 0.0000672. A raba kwana 365.25 da 3.5247 a sami 103.6, a ninka shi da kansa a sami kimanin 10,740. Ninkin waɗannan biyun shi ne 0.72. Ke nan danƙarewar HD 209458 kashi 72 ce cikin 100 ta Rana, kuma tunda ta Rana giram 1.41 ce a kowane santimita mai fuska shida daidai, tasa ta zama giram 1.02, kusan daidai da ta ruwa. Ya dace mutum ya ɗan tsaya ya lura da abin da ya faru: ba mu yi amfani da nisan tauraron daga gare mu ba, ba mu yi amfani da launinsa ko zafinsa ba, agogo da raguwar haske kaɗai suka ba mu wannan sani game da jikin abin da ba mu taɓa ganin gefensa ba.

Danƙarewa nauyi ne a raba da girman jiki, saboda haka saura mu san nauyi. Wannan ba ya cikin zanen haske, dole a nemo shi daga waje. Masana suna tarwatsa hasken tauraron zuwa launukansa su karanta zafinsa da sinadaransa, sannan su gwada da lissafin yadda taurari ke girma da tsufa. Zafin fuskar HD 209458 ya ɗan haura digiri 6,000 a ma'aunin Kelbin, na Rana kuwa kimanin 5,770 ne, kuma an ƙiyasta nauyinsa ya ninka na Rana sau 1.12 ko kusa da haka. Irin waɗannan ƙiyasi suna cikin rumbun bayanan duniyoyin waje na NASA. A raba 1.12 da 0.72 a sami 1.556, a nemo lambar da idan aka ninka ta da kanta sau uku za ta ba da haka, wato 1.16. Tauraron ya ninka Rana faɗi sau 1.16, kuma tunda rabin faɗin Rana kilomita 696,000 ne, nasa ya kai kimanin kilomita 807,000. Kada dogaro da ƙiyasin nauyi ya tayar wa kowa hankali, domin kuskuren kashi 10 cikin 100 a nauyi ba ya jawo fiye da kashi 3 da ɗan kai a girma. Daga nan girman duniyar ma ya fito, domin 0.121 sau 807,000 ya ba da rabin faɗinta kimanin kilomita 97,600, wato Jupita sau 1.37.

Yana da amfani a ga abin da zai faru da an yi watsi da gangara. Wanda ya ɗauki minti 159 a matsayin ratsa tsakiya zai sami 10.2 maimakon 8.74, danƙarewa ta haura ta Rana, kuma ya yanke hukuncin cewa tauraron girman Rana ne daidai, wato ya rage masa kashi 14 cikin 100. Haka nan kowane minti guda na kuskure a cikin waɗancan 26 yana motsa amsar ƙarshe da kusan kashi 2, kuskuren minti 5 kuma da kashi 9.

Akwai hanyar da ta fi miƙewa, ko da yake ta fi ƙarfin ƙaramin madubi. A 2010 Ignas Snellen da abokan aikinsa, da babban madubin VLT da ke ƙasar Cile, suka bi sawun iskar kabon monoksaid da ke sararin wannan duniya lokacin giftawa, suka auna gudunta kai tsaye: kilomita 140 a sakan, da yiwuwar ƙari ko ragin 10. Minti 185 sakan 11,100 ne, kuma 140 sau 11,100 a raba biyu ya ba da kilomita 777,000, da yiwuwar ƙari ko ragin kimanin 55,000. Amsarmu ta 807,000 tana cikin wannan tazara, kuma an samo wannan ta biyu ba tare da wani lissafin tsufan taurari ba.

Inda hanyar take yaudara

Duk lissafin nan ya ginu ne a kan cewa hanyar duniyar da'ira ce cikakkiya, gudunta ba ya canzawa. Idan hanyar doguwa ce mai siffar ƙwai, duniya takan yi sauri kusa da tauraron ta yi nawa nesa da shi, sai tsawon giftawar ya dogara da inda ta kama. Duniyar HD 80606 b, wadda ke zagaye cikin kwana 111 a kan hanya mai tsananin tsawo, giftawarta takan kai kusan awa 12, alhali da hanyarta da'ira ce ba za ta kai awa 10 ba a gaban tauraro irin Rana, kuma wanda bai san haka ba zai kumbura tauraron a lissafinsa. Ana gane siffar hanya ne daga yadda tauraron ke ɗan kai-komo saboda jan duniyar, da kuma lokacin da duniyar ke ɓuya a bayansa. A 2005 madubin Spitzer na sararin samaniya ya ga ɓuyar duniyar HD 209458 ta faɗo a tsakiyar zagaye, wanda ya ƙarfafa cewa hanyarta kusan da'ira ce.

A duba kuma tazarar ɗaukar hoto. Yawancin bayanan Kepler ana tara su ne duk kimanin minti 30, wanda ya fi gangarar minti 26 tsawo, don haka yakan shafe gangarar ya sa ta yi kamar ta fi tsawo, sai dai idan manhaja ta lissafa wannan. Inda akwai bayanan minti 1 na Kepler ko na minti 2 na TESS, su za a zaɓa. Hasken wani tauraro makwabci da ya faɗo cikin ɗigon kyamara ɗaya yana rage zurfi, baƙaƙen tabo a fuskar tauraro kuma, irin waɗanda ake gani a tauraron HD 189733, suna sa ƙulli a ƙasan zane idan duniya ta bi ta kansu.

Idan tauraro yana da duniyoyi fiye da ɗaya masu giftawa, aikin yana da abin da zai tantance kansa, domin dole kowace ta ba da danƙarewa iri ɗaya. TRAPPIST-1, wanda Michaël Gillon da abokan aikinsa suka sanar da duniyoyinsa bakwai a 2017, masu zagaye daga kwana ɗaya da rabi zuwa kusan kwana 19, ya fito da danƙarewar da ta ninka ta Rana fiye da sau 50, da faɗin da bai wuce kashi 12 cikin 100 na nata ba, wato ya ɗan ɗara Jupita kaɗan. Ga tauraro mai duniya ɗaya kuwa, sai a gwada amsar da wadda ake samu daga nisan da kumbon Gaia ya auna haɗe da hasken tauraron da zafinsa. Idan amsoshin biyu suka yi hannun riga, misali launi ya nuna ƙaton tauraro amma giftawa ta nuna danƙararre, to akwai yiwuwar abin da ya gifta ba duniya ba ce, ko kuma ba ta gaban wannan tauraro ya gifta ba. A ƙarshe, a maimaita lissafin sau biyu, da gangara mafi gajarta da mafi tsawo da zanen ya yarda da su, a rubuta girman tauraron tare da waɗannan iyakoki biyu a gefensa.